Kunnen da Nake Gyaran Inji da Shi

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina gyaran ƙananan injuna a Azare, a wata rumfar kwano da ke bayan layin masu walda. Janareta, injin ban ruwa, injin niƙa, duk ina taɓawa, amma abin da aka san ni da shi shi ne injin yankan itace, mai sarƙar nan da ake riƙewa a hannu. Daga Gamawa ake kawo mini, daga Dambam, wani lokaci har daga ƙauyukan Yobe. Ba zan ɓoye ba, aikin nan ya sa mini girman kai, kuma dama can bakina ba shi da linzami.

Ran injin nan yana cikin kafireta, ɗan akwatin da ke haɗa fetur da iska. A cikinta akwai jet, wata 'yar ƙwayar tagulla mai huda kamar kafar allura, ta nan man yake bi. A gefe kuma akwai kusoshi biyu ƙanana da ake murzawa da sukundireba, a ƙara mai ko a rage. In mai ya yi yawa inji ya yi nauyi, ya yi ta hayaƙi, ya kasa cin itace. In ya yi kaɗan sai ya yi gudu mai daɗi, mai shi ya yi ta murna, kwana kaɗan fistin, ƙarfen da ke kai da komo a cikin injin, ya ƙone. Tazarar da ke tsakanin biyun ba ta kai rabin murzawa ba, kuma ni da kunne nake gano ta. Sai in ba inji wuta har ƙarshe, in riƙa rage mai a hankali, ina sauraro. Da na ji kukan ya fara sirancewa zai koma tsuwa, sai in dawo baya kaɗan in tsaya. Masu ƙirga murzawa da masu duba launin fulogi kuwa, a gaban idonsu nake ce musu su koma facin taya.

Cikin masu kawo mini aiki akwai wani Babarbare mazaunin Katagum, yana yanka busasshiyar giginya yana fitar da azara. Ni Bafulatani ne, ko da yake Fulatancin nawa bai wuce gaisuwa ba, don haka ba ma haɗuwa sai da tsiya. Tun daga bakin rumfa zai ɗaga murya: "Bawana, tashi ga injin ubangidanka ya iso." Ni kuma in ce ya ajiye ya matsa can, kada warin kifinsa ya shiga kafireta.

Wata shekara bayan damina kafiretarsa ta mutu. Ta asali ba ta samu ba, sai irin sababbin nan masu araha. Na kwance ta, na ɗaga jet ɗin ga haske, na ga hudarsa ta fi ta tsohon ƙanƙanta, na canja shi da wani daga gwangwanin da nake tara su. Na ɗaura, na saita, ya tafi. Kwana tara ya dawo, fistin ya ƙone, gefensa duk ya kankare. Na zagi kafiretar da masu ƙera ta, na sa wata, na ƙara girman jet. Kafin watan ya ƙare wasu injuna biyu da na saita su ma suka dawo a ƙone.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban tsaya neman laifin a rumfata ba. Na tambayi masu injunan inda suke sayen mai, duk suka ambaci mutum ɗaya: wani dattijo ɗan bumburutu mai jera kwalabe da galan a kan teburi kusa da tasha. Shanunsa ne suka ƙare ya dawo gari. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, ba ya kallon idon wanda yake yi wa magana. Ranar kasuwa na ɗauki ƙonannen fistin na je na jefa shi a kan teburinsa, a gaban jama'a na ce yana haɗa fetur da kananzir, ya kashe wa mutane injuna uku. Na faɗi abin da ya fi haka ma. Shi dai ya ɗauke fistin ɗin ya miƙo mini da hannu biyu. A harkar inji ana jin maganata a lokacin. Masu yankan itace suka bar sayen mansa, 'yan acaɓa suka bi su, bayan 'yan makonni ya ɗauke teburinsa ya koma can ƙarshen gari.

Karo na uku da Babarbaren ya kawo injinsa, ya sake ƙonewa, da kaina na je gidan mai na sayo fetur, na auna baƙin mai na haɗa. Na sa sabon fistin, na tayar, na ba shi wuta, na fara murza kusa ina jiran kukan ya sirance. Ina murzawa ina jira. Sai na ji an riƙe wuyan hannuna. Babarbaren ne, ya sa ɗaya hannun ya kashe injin.

"Malam, tsaya haka," in ji shi.

Tunda muke bai taɓa ce mini Malam ba. Na ɗaga kai, sai na ga masu walda biyu sun ajiye aikinsu suna kallon rumfata, ɗaya ya toshe kunne da yatsa.

"Tun ɗazu yake tsuwa," ya ce. "Har cikin haƙorina nake jin sa. Kai ba ka ji ba?"

Na ce masa Babarbare me ya sani game da inji. Wannan karon bai rama tsiyar ba. Ya zauna a kan benci ya ce tun bara ya lura in ya yi mini magana ta gefen dama sai ya maimaita, ya ɗauka wulaƙancin Fulani ne. Ya ce wancan karon ma ya ji tsuwar, amma wa zai gaya mini yadda ake saita inji?

Da na koma gida na tambayi maiɗakina. Ta ce ai an daɗe yara ba sa yi mini sallama sai sun zo gabana. A asibiti aka sa mini wani abu a kunne ana tambayata ko na ji. Sautuka masu kauri ina ji, sirara kuwa sai sun yi ƙarfi sosai. Likitan ya ce ƙarar shekaru ce ta cinye, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ashe kafin tsuwar ta shiga kunnena, inji ya riga ya wuce inda ya kamata a tsaya. Ni ne na ƙone injunan ukun da sukundirebata.

Ban bar sana'ar ba, don ba ni da wata. Yanzu ina ƙirga murzawa, ina kwance fulogi in duba launinsa, ina barin mai ya ɗan yi yawa don tsoro. Injunan ba sa ƙonewa, ba kuma sa gudu kamar da, kuma masu su sun sani. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne dattijon.

Sai da na yi wata biyu kafin na iya zuwa. Na same shi a ƙarshen gari da kwalabe huɗu a kan teburin, da wasu mutane uku suna zaune a inuwa kusa da shi. Na durƙusa. Na ce, "Baffa, manka ba shi da laifi. Kunnena ne ya mutu, na ɗora maka. Na yi maka ƙazafi a gaban mutane, ka yafe mini." Na ɗaga murya don mutanen su ji.

Ya sunkuyar da kai ya fara magana a yadda ya saba. Ya ɗan jima yana yi. Ina ganin leɓɓansa suna motsi, ina ganin mutanen nan uku suna sauraro, ɗaya ya dube ni ya kau da kai. Da ya gama duk suka juyo suna jiran amsata. Kunya ta hana ni in ce wa mutumin da na tozarta ya maimaita. Na ce, "Na gode, Baffa," na miƙe na hau babur ɗina. Har yau ban san ko yafe mini ya yi ba.