Dakaren Birnin Tagulla

Haladu mai faci ko kaza bai iya yankawa, amma shekara goma sha ɗaya ya yi yana soja a Birnin Tagulla. Kada ka wahalar da babur kana neman birnin tsakanin Anka da Gummi, a cikin kan Magaji tela yake. A rumfarsa ta bakin kasuwar ƙauyenmu Magaji ke taka keke yana ba mu labarin dawakai masu fiffike da dodanni masu cin ganuwa, duk mai zama rumfar kuma da muƙaminsa. Daga ƙasa Dakare, wato sojan ƙafa, sai Sarkin Baka, sai Barde, sai Lifidi. Sarkin Yaƙi kuwa Magaji ya ajiye wa kansa.

Kowa ya hau, ban da Haladu. Hammadu, baƙon da ya zo haƙar zinari, wata uku kacal ya zama Barde. Haladu ya yi ta yi wa babur ɗin Magaji faci kyauta, amma da ya roƙi ƙarin girma sai Magaji ya ce in an ɗaga Dakare, wa zai kwashe kashin dawaki? Mu yi ta dariya. Har da ni, Allah Ya yafe mini.

A daminar da 'yan bindiga suka fara tare hanya, wani ya tsegunta wa Magaji cewa sun ji akwai Sarkin Yaƙi a ƙauyenmu, sun ɗauka shugaban 'yan sa-kai ne. Wannan sai daga baya muka sani. Abin da muka gani kawai, ranar Laraba Magaji ya naɗa wa Haladu rawani da ragowar yadi, ya ce ya sauka ya bar masa kujerar. Haladu har da hawaye. Ya raba goro, ya sa aka rubuta sarautar da jan fenti a ƙofar shagonsa.

Ran kasuwa da hantsi 'yan bindigar suka shigo bisa babura. Babbansu ya tsaya gaban rumfar.

"Wa as Sarkin Yaƙi garin ga?"

Magaji bai ɗaga kai daga ɗinki ba. Ba wanda ya nuna kowa. Haladu ne ya miƙe da kansa, yana goge baƙin mai a riga. Karon farko ke nan da baƙo ya neme shi da sarautarsa.

"Ni na," in ji shi, har da murmushi.

A bayan gonar gero muka tsinci gawarsa. Magaji ya yi haƙuri har aka yi sadakar arba'in, sannan ya karɓe sarautarsa.