Kabejin da Ya Ƙi Girma

Babana mahauci ne, kakana ma mahauci ne, kuma in ka biye wa Baba zai rantse maka danginmu sun fara fiɗa tun kafin a haƙa tekun Legas. A gidanmu na Agege ganye ado ne kawai, kamar tambarin da ake bugawa a kan takarda. Ko alayyafo aka sa a miya, Baba ture shi gefe yake yi da ɗan yatsa, ya ce shi ba akuya ba ne.

Sai ga shi bara jininsa ya hau. Yayata, wadda ke karatun aikin jinya, ta raka shi asibiti can wajen Idi-Araba. Suka dawo da magunguna da wata takarda mai hotuna, likita ya ce a rage nama da gishiri, a yawaita ganye. Baba ya ce ya ji. Washegari ya shigo da ƙafar saniya.

Umma ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya tsorata ni. Ta ɗauki ƙafar ta aika wa maƙwabta, sannan ta ce, "Malam, daga yau nama ba zai ƙara shiga tukunyata ba sai ranar da na ga ka cinye kwanon ganye da idona."

"Har mu?" na tambaya.

"Har kyanwar gidan nan."

Kwana huɗu muna cin tuwo da miyar da babu ko ƙashi. Ni 'yar mahauci! Na fara mafarkin tsire yana kirana da sunana. In na wuce mai balangu a bakin titi sai in rage tafiya in shaƙi hayaƙi, har mutumin ya fara yi mini kallon ɓarauniya.

A rana ta biyar Yaya ta hau danfo, motar hayar Legas, ta tsallaka gada zuwa wani babban kanti na masu hali, ta dawo da abubuwa biyu da ta gani a hoton takardar likita. Ɗaya ganye ne sirara masu yage-yagen baki, wai arugula. Ɗayan kuma wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne kore, wai burasal sufurawut. Baba ya gwada sunan sau biyu, harshensa ya sarƙe, ya haƙura.

Umma ta ɗauki dunƙule ɗaya ta juya shi. "Ke da karatunki aka cuce ki haka? Wannan ai kabeji ne da ya ƙi girma. Ko yaye shi ba a yi ba."

"Umma, haka halittarsa take."

"Haka mai shi ya ce miki."

Baba ya ce shi ɗaya zai ci, ba biyu ba, kuma sai an gaya masa wanda ya fi amfani. Yaya ta buɗe wayarta ta fara zuba Turanci, ya ɗaga hannu. "Ke likita ce, ba na gane ki. Ba uwata wayar ta karanta mini da Hausa." Ni ce uwar tasa, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na hau kan turmi a tsakar gida kamar alƙali. Na ce ɗan kabejin nan ya fi bitamin C, mai taimakon garkuwar jiki, kuma ya fi abin da ke sa ciki ya riƙa tafiya ba gardama. Na ce arugula kuwa ta fi shi kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, ta kuma fi shi bitamin A na ido. Na ƙara da cewa wanda ya ci arugula zai tsaya a Agege ya hango mai kama kifi can Iddo, bakin teku. Yaya ta jefe ni da silifa.

"Sai dai arugula ba ta da nauyi," in ji Yaya. "Kafin ka ci abin kirki sai ka cika kwano."

"Bar wannan," Baba ya ce. "Uwata, wanne ya fi kusa da nama?"

Na duba. Gaskiya ɗan kabejin ya ɗan fi furotin, sinadarin nan da ke cike a nama. Ban ce masa ɗan kaɗan ba ne. Na ce, "Baba, wannan ai saura ƙaho ya zama rago."

"To shi za a dafa."

Washegari Yaya ta tafi makaranta ba ta bar bayanin girki ba. Umma ta matsa ɗan kabejin ta ji shi da tauri kamar goro, sai ta yi abin da kowace uwa za ta yi wa abu mai taurin kai: ta zuba masa kanwa, ta rufe tukunya, ta bar shi yana tafasa har ta gama wanki.

Ban san yadda zan kwatanta warin ba. Ƙudaje sun tattara 'ya'yansu sun koma can unguwar Abule Egba. Gidanmu na haya ne, ɗaki na kallon ɗaki, don haka kowa ya samu rabonsa. Iya, Bayarabiyar da ke ƙofar da ke fuskantar tamu, ta fito da gyale a hanci.

"Hajiya, ẹ jọ̀ọ́, don Allah, masai ya fashe ne?"

"Abincin Turawa ne," Umma ta ce, ko kallonta ba ta yi ba.

"Ah! Shi ya sa kullum suke gudowa nan."

Baba ya dawo, ya buɗe kwano, ya ga wani abu kalar ruwan kwata, ya rufe a hankali kamar mai rufe gawa. Ya ce gara jinin ya hau har Sakkwato. Da Yaya ta dawo sai ta kama kai, ta ce kanwa da doguwar tafasa sun kashe bitamin C ɗin da muka zaɓe shi dominsa. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofa ina lissafin shekarun da zan yi ba nama.

Ina cikin wannan baƙin cikin na ga arugula a leda ta fara laushi. Yunwa ta sa na tsinki ganye ɗaya na tauna. Wani yaji-yaji ya daki hancina. Na miƙa wa Umma, ta tauna, sai ta fashe da dariya.

"Lansir ne! Lansir ne da ya yi boko!"

Wai ɗanɗanonsa ɗaya da lansir da suke kwaɗawa a garinsu tana yarinya. Nan take ta daka ƙuli-ƙuli, ta yanka albasa da tumatir, ta matsa lemon tsami. Yaya ta tsaya a kanta kamar 'yar sanda don kar gishiri ya yi yawa. Aka kai wa Baba kwaɗo.

Ya shinshina. Ya ɗiba da yatsu uku, ya tauna yana kallon rufi. Mu ukun muna tsaye, ni ina addu'o'in da ban san na haddace ba. Ya sake ɗiba. Bai ce ya yi daɗi ba, mahauci ba ya yabon ganye a gaban iyali, amma ya suɗe kwanon har sai da ya yi ƙara.

"Malam, akuya fa?" in ji Umma.

"Ƙuli-ƙulin nake ci. Ganyen rakiya ya yo."

Ranar Juma'a nama ya dawo tukunya. Baba yanka biyu aka sa masa, ni kuwa na ci har kunnena ya yi motsi.

Da suka koma asibiti, Yaya ta ba wata ma'aikaciyar jinya labarin wahalar da ta sha wajen neman ganyen hoto. Matar ta yi dariya ta ce hoto ne kawai, zogale da alayyafo da ganyen ugu na kasuwar unguwarmu sun wadatar. Yanzu kwaɗon zogale Baba ke ci kusan kullum, yana cewa ƙuli-ƙuli yake bi.

'Yan kabeji shida sun tsira daga tukunyar kanwa, don sun gangara ƙarƙashin kabad. Da na gano su, Baba ya raba kowanne biyu, ya jera su a tsinken tsire, ya shafa mai da ɗan yaji, ya gasa a kan garwashi. Wallahi sun yi daɗi. Na kai wa Iya tsinke ɗaya, ta cinye, ta tambaye ni naman wane tsuntsu ne.