Bayan Goggo Mai Zare

Goggo, ƙanwar babanmu, tana da ɗan shagon zare da maɓalli a bakin layinmu, amma da goyo aka fi saninta. Duk yaron da ya ƙi barci, sai uwarsa ta miƙa wa Goggo. Ta ɗora shi a baya, ta ja zani ta ɗaure, ta ci gaba da auna wa mai saye yadi. Kafin ta kai ga almakashi yaro ya yi laƙwas. Ni kaina a bayan nan na yi wayo.

Shekarar da ta samu jikanta na fari, ta hau kujera za ta ɗauko kwalin zare, kujera ta goce, ta faɗi da ƙugu. Likita ya ce ƙashi bai karye ba, amma ƙugu da ƙasan baya sun bugu: ban da ɗaukar kaya, ban da goyo. Ciwon bai sa ta kuka ba, maganar goyon ce ta sa ta. Ta goya 'ya'yan mutane kaf, ga nata jikan yana ta girma, sai kallo.

Mai gashin ƙashi ta koya mata motsa jiki: ta durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, ta gantsare, ta saki. Goggo ta ce da girmanta ba za ta koma rarrafe ba. Muka ce to, yaro dai ba zai jira ta ba. Washegari muka same ta a tabarma tana yi, tana zagin kujera. Da sauƙi ya fara samuwa sai ta koma goya matashin kai, tana zagaya ɗaki da shi, har da jijjiga. Mijinta kullum sai ya tambaya yaushe za a yaye shi.

Ranar da likita ya ba ta izini, ta ɗauko sabon zani ta sunkuya. Jikan, da bai daɗe da fara tafiya ba, ya zille ya gudu. Goggo ta ninke zanin ta ajiye. Wallahi tausayinta ya hana ni cin abinci ranar.

Da safe tana durƙushe a tabarma tana motsa jikinta, sai ga jikan yana tangaɗi. Ya kama rigarta, ya haye da kansa, ya kwantar da kai tsakanin kafaɗunta.

"'Yar nan, miƙo min zanin," in ji ta ƙasa-ƙasa. "Kuma kada wanda ya yi dariya."