Shekarar da Kawu Ya Biya Haraji

Lokacin da kuɗin mai suka cika ƙasa, har masinja ke sayen babur, ni ina sabon malamin firamare a Wudil. Albashina na farko da ya zo, na tarar an zabtare wani abu. Na tambayi hedimasta, ya ce haraji ne, tun daga ofis ake cirewa.

Na kai kukana Kausani wurin kawuna, yayan mahaifiyata, don duk ƙauyen an san shi gwani ne a sha'anin kauce wa haraji. In kaka ta yi, yaran dagaci suka fara zagaya gidaje karɓar haraji, sai Kawu ya tuna yana da wani aboki maras lafiya a can gaban Indabo. Wata shekara ya shafa toka a gemu, ya ɗauki sanda yana dogarawa, saboda ya ji ana ɗauke wa tsofaffi. An kusa yarda, gumi ya tona masa asiri.

Da ya gama jin bayanina ya ce, "Ɗan nan, ranar da za su zo karɓa, kada ka kwana a gida."

Na ce, "Kawu, ba zuwa suke ba. Kafin kuɗin su iso hannuna an cire."

Ya dube ni. "To ka ce musu ba ka nan mana."

"In ba na nan, albashin ma ba na nan."

Ya girgiza kai, ya ce boko ya cuce ni.

Ana nan Kawu ya soma kiwon raguna yana kaiwa kasuwar Juma'a. A bakin gada kuwa akan tare mutane a nemi takardar haraji. Sau biyu yana komawa gida da ragunansa ba ciniki. Ni na zauna masa a wuya, na ce ya biya ya huta. Da ƙyar ya yarda. Ya sayar da gero, ya tafi da ƙafarsa tun kafin a fara zagaye. Dagaci da ya gan shi sai da ya tambaya ko lafiya.

Ba a jima ba rediyo ta sanar sabuwar gwamnati ta soke haraji da jangali. Gari ya ɗauki murna, mata suna guɗa. Kawu ya ce tarko ne, so ake masu ɓuya su fito. Da ya tabbatar gaskiya ne, ya zo har makaranta, ya tsaya a bakin taga ina tsakiyar darasi.

"Fito. Kai ka kai ni, kai za ka karɓo mini."

Muka tafi gidan dagaci. Bayan doguwar gaisuwa Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, na zo karɓar ajiyata."

Dagaci ya ce, "Malam, ai kuɗinka sun daɗe da isa Kano."

"To a rubuta mini su a na baɗi."

"Babu na baɗi. An soke."

"Wato duk garin nan ni kaɗai aka soke wa bayan na biya?"

Dagaci ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Don a rarrashe shi aka kawo mana fura daga cikin gida, mai kauri, ta sha kindirmo. Kawu ya shanye tasa, ya jawo tawa ya shanye, ya goge gemu ya ce, "Alhamdu lillahi, an fara ragewa."

Daga ranar, duk azahar sai ya je gaida dagaci, daidai lokacin da ake fito da akushi. Bai daina ba sai da damina ta sauka, aikin gona ya riƙe shi.