Yadda Na Gyara Mayyar Muhandisin

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Alƙahira, na yi suna a cikin 'yan'uwanmu ɗalibai wajen gyare-gyare. Ba wani koyo na yi ba. Fanka ce ta taɓa tsayawa a ɗakinmu na unguwar Abbasiyya, na kwance ta, na share ƙura na mayar, ta tashi. Shi ke nan aka naɗa mini rawanin injiniya. Mai dutsen guga ya kawo, mai caja ya kawo, ni kuma bakina bai iya furta "ban iya ba", wanda shi ne babban ciwona har yau.

Ina da yaya a garin, 'yar wan mahaifina. Mijinta ya rasu, ta bar 'ya'ya uku a gida wajen mahaifiyarta, ta zo tana aikatau a gidan wasu Turawa a unguwar Muhandisin. Mace ce mai kamun kai, ba ta cika kiran mutum a waya ba. Saboda haka da na ga kiranta wata Alhamis da hantsi, na san ba lafiya ba.

"Ustaz," haka take ce mini don tsokana, amma ranar babu wasa a muryarta. "Ka zo yanzu. Na kashe mayyar Madam."

"Yaya, wa kika kashe?"

"Mayya na ce. Kai dai ka taho da kayan aikinka."

Ina da jarrabawar baka ranar Lahadi, ban kai ko rabin littafin ba. Haka na rufe shi na fita.

Da na shiga falon gidan na ga abin da take nufi. Wata tsohuwa ce ta roba, tsawonta ya kai kafaɗata, a tsaye bakin ƙofa cikin baƙar riga har ƙasa. Fuska koriya, hanci kamar ƙugiya, hula mai tsini, tsintsiya a hannu. Yaya ta ce wani biki ne Turawa suke yi a ƙarshen Oktoba, Halowin, yara su sa kayan ban tsoro ana raba musu alewa. Madam daga ƙasarsu ta sa aka aiko da tsohuwar, kuma ranar Litinin ta gayyaci baƙi. Ka'idar abin, idan mutum ya gifta ta gabanta sai idanunta su kama ja, ta juyo da kai, ta ɗaga tsintsiya, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Yau da asuba suka tafi bakin teku, sai Lahadi," in ji Yaya. "Na lallaɓa ta bayanta na kashe makunnin kamar kullum, na goge ta da tsumma mai ɗan laima. Na kunna, shiru. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin."

"To ki kira Madam ki gaya mata mana."

Ta dube ni kamar na zagi iyayenta. "Wadda take aiki a hawa na sama, kan tulun fure aka sallame ta. Tulu, Ustaz. Wannan kuwa a jirgi ta zo."

Sai na tattare hannun riga, na ce ta kwantar da hankalinta, batir ne. Na sauka na sayo sababbi na zuba. Tsohuwa ko gezau. Na kankare bakin mazaunin batir ɗin da reza, na hura makunni, na ɗan bubbuga mata ƙeya kamar yadda ake yi wa rediyo. Na yi ta kai-kawo a gabanta ina ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Babu abin da ya motsa sai gumin da ke bin bayana.

Na ce lallai ruwa ne ya shiga kanta, dole a buɗe. Kusoshin da ke ƙeyarta kuwa masu baki uku ne, babu sukundireban da ya shiga cikin nawa. Muka ga babu mafita sai in tafi da ita. Allah ya taimaka ana iya zare ta daga ƙugu, muka bar sandar ƙafafun da tsintsiya, muka naɗe sauran a zanin gado.

Ban san kamar me na ɗauko ba sai da na tsayar da tasi. Direban ya leƙo, ya ga abu a naɗe cikin farin zani a kafaɗata, ga wani koren hannu ya zubo yana lilo. Ya ce, "La hawla wala ƙuwwata!" ya taka mota. Na biyu ma haka. Na uku, wani dattijo, sai da ya sa na buɗe masa fuskarta a bakin titi mutane suna kallo. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya dube ni.

"Ɗalibin ilimi ne kai?"

Na ce eh.

"Ma'alish," ya ce, wato sai haƙuri, irin na ta'aziyya. "Yalla, shigo."

A ɗaki mu biyu ne, ni da abokina, mutumin Maraɗi mai haddar Alƙur'ani, wanda ko hoton kalanda ba ya bari a bango. Na kwance zanin, ya miƙe tsaye.

"Wannan gunkin a ɗakin nan zai kwana?"

"Ba gunki ba ne, kayan wasan yara ne."

"Wane yaro? Yaron da aka ba wannan ai sai an yi masa ruƙiyya."

Na gaya masa halin da Yaya take ciki. Ya sassauta, domin ya sha cin tuwonta. Ya ce to, amma a juya fuskarta bango.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi shago-shago har na samo sukundireba mai baki uku. Na buɗe ƙeyar. A bushe take ƙamas, ko ɗigon ruwa babu. Mai hankali a nan zai mayar ya rufe. Ni kuwa karambanin akuya ya riga ya kama ni. Na ga wayoyi ja da baƙi da rawaya sun tafi wajen ɗan injin da ke juya wuya, na zare su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa, ba tare da na ɗauki hoto ko na rubuta inda kowace take ba. Daga nan na ce bari in ga ko wuyan ne ya cije. Na kama kan da hannu biyu na murɗa. Sai na ji ƙas.

Wani ɗan faifan roba ne mai haƙora a cikin wuyan, na karya masa haƙori biyu.

Na zauna na zuba wa abin ido. An kawo mini mara lafiya da ciwo ɗaya, na mayar da shi uku. Yaya ta kira, na ce mata aiki yana tafiya tamam. Littafin jarrabawa yana gefe, na ɗora kusoshi a kansa don kada su ɓace.

Sai da yamma, ina ɗaga rigar tsohuwar don in kwantar da ita, na ga ainihin matsalar. Wayar da ta fito daga mazaunin batir, can ƙarƙashin wuyan riga, a yanke take gida biyu. Abin da minti biyar ya isa a gyara, da a ce na fara dubawa ta nan. Na fere bakin wayar, na haɗa, na naɗe da salatif. Idanu suka kama ja. Na yi kabbara.

Ashe ban ga komai ba. Ranar Asabar tun safe nake fama da ɓarnar da na yi da hannuna. Na liƙa haƙoran da gam, na mayar da wayoyin injin bisa hasashe. Na kunna, kan ya juya baya gaba ɗaya ya tsaya yana kallon bayanta, yana wani ƙara kamar injin markaɗe. Na sauya wayoyi, kai ya daidaita, hannu ya kama karkarwa ba tsayawa. Na sake sauyawa, murya ta fito, amma a jaye, kamar ta ƙaton namiji mai mura. Gam ya manne mini yatsu biyu, sai da na jiƙa su a ruwan ɗumi. Wallahi akwai lokacin da na kama kaina ina yi mata magana. "Baiwar Allah, me na yi miki? Me kike so?"

Wajen la'asar komai ya koma mazauninsa. Na jingina ta da bango na shiga wanka, na manta ban kashe makunnin ba, kuma fuskarta tana kallon ɗaki. Abokina ranar ya makara, jam'i ya wuce shi, ya shimfiɗa darduma ya ta da salla. Ɗan idon da ke gane motsi a ƙirjinta yake. Yana sunkuyawa ruku'u, sai na ji daga banɗaki: "Hiii-hi-hi-hi-hi!" Ya ɗago, ta sake. Ya tafi sujada, ta ƙara. Na fito da kumfa a kunne na tarar da ita tana juya kai tana ɗaga hannu, shi kuma jijiyoyin wuyansa sun tashi. Na kashe ta na laɓe.

Da ya sallame bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Khalas, ya isa haka. Ko ita ko ni, kafin magariba."

Kafin magariba tana Muhandisin a kan sandarta, tsintsiya a hannu. Yaya ta gifta, tsohuwa ta yi dariya, Yaya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi tana hamdala.

Jarrabawar Lahadi kuwa, malamin ya yi mini tambaya uku, ya rufe littafi, ya ce in je in dawo zagaye na biyu. Ina fitowa raina a ɓace sai ga kiran Yaya.

Ta ce sun dawo. Maigidan ne ya fara shigowa da jakunkuna, tsohuwa ta tarbe shi da dariya, ya saki jaka ya yi baya har ya buge da ƙofa. Ya hau faɗa yana tambaya wa ya gyara wannan abu. Madam ta ce gyara kamar yaya, da ma ta lalace ne? Nan fa asiri ya tonu. Shi ne ya sa almakashi ya yanke wayar kafin su tafi, domin kwana goma tana firgita shi duk sanda ya fito shan ruwa, kuma Madam ta hana a kashe ta. Niyyarsa ya ce ita ce ta lalace da kanta.

"To ke me kika ce?"

"Na faɗi gaskiya. Na ce na zaci ni na ɓata, na kai wa ƙanena."

Madam, in ji ta, dariya ta yi har da riƙe ciki. Sannan ta dafa Yaya ta ce, don me ba ki kira ni ba? Ko da ke kika ɓata, ai roba ce. Daga nan rigima ta koma tsakanin mata da miji, Yaya ta shige kicin.

Na tsaya a bakin titi da waya a kunne, motoci suna ta hon, na ma rasa wa zan ji haushi. Kwana uku, yatsuna, jarrabawata, mutuncina a wajen direbobin Alƙahira, duk a kan wayar da mai gida ya yanke da gangan.

Bayan biki Madam ta ƙi ɗauke tsohuwar, wai yara suna sonta. Sati bai cika ba Yaya ta sake kira, murya ƙasa-ƙasa.

"Ustaz, wannan wayar da maigidan ya yanke, a daidai ina take ne?"

Na ce, "Yaya, ki tambayi maigidan, shi ne gwani."

Na ci jarrabawar a zagaye na biyu. Yaya ta ƙara shekara huɗu a gidan, ta koma gida da kanta lokacin da babbar 'yarta ta gama sakandare. Yanzu idan muka haɗu aka tuno zancen, dariya muke yi har 'ya'yanta su gaji da mu. Ni dai na koyi duba ƙaramin abu kafin in fasa babba, na kuma koyi tambayar wa ya taɓa abu a ƙarshe kafin in ɗauko sukundireba.

Amma akwai abin da ba ya ba ni dariya. Kira ɗaya na minti biyu zai iya kashe maganar tun ranar Alhamis, kuma Yaya ta fi ni sanin haka. Ba wauta ce ta hana ta ba. Tana da bakuna uku a gida da suke ci daga wannan falon, kuma ta ga yadda ake sallamar mutum kan tulu. Ni a lokacin haushin jarrabawata kawai nake ji. Sai da na girma na fara ciyar da wasu, na zauna a gaban wanda abincina yake hannunsa da magana a bakina na haɗiye ta, sannan na gane irin kwana ukun da ita ta yi.