Shaida ta Biyu ga Madubin Yaya Haliru

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Haliru, mahauci a kasuwar Talata Mafara, kuma har yau idan na tuna shi zama ba ya yi mini daɗi. Akwai abin da ya roƙe ni, ban yi masa ba.

Yaya ya ƙudurta sai ya haɗa na'urar hangen nesa da hannunsa, don duban jinjirin watan azumi. Wani malamin kimiyya, Kirista, mai sayen nama a wurinsa, shi ya nuna masa hanya. Da ya taso daga mahauta sai ya ɗora gilashi mai kauri, wanda zai zama madubin na'urar, a kan durom, ya yi ta gurza shi da garin dutsen wasa da ruwa. Abokan sana'arsa suka ce ya bar fawa ya koma niƙa. Ni ma na yi dariya, ban rage ba.

Da rana yake gwada madubin. Ya toshe taga da buhu, ya jingine shi a bango, ya haska shi da tocila ta wata 'yar huda, sannan ya riƙa tura kaifin wuƙarsa a hankali cikin hasken da ya dawo, idonsa ɗaya a bayan wuƙar. In kwarmin da ya gurza ya yi daidai, fuskar madubin za ta dushe gaba ɗaya. Shi kuwa kullum sai ya ga tabo a gefe. Ya jingine na farko, ya gurza na biyu, ya gurza na uku, tabon yana nan.

Lokacin ina da shagon ɗaukar hoto. Ya tako har can.

"Sani, ko wata ba a yarda da shi sai da shaidu biyu. Ka taho da kyamararka ta duba min wanga madubi."

Na ce to, sai na dawo daga wani biki a Bakura. Daga Bakura sai Maradun, bukukuwa ba su ƙare ba. Gaskiyar ita ce kunya nake ji a ce mahaukatan gidanmu sun zama biyu. Ya bar duniya yana cewa hannunsa ne bai iya ba.

Yau waya ta kashe shagona, kowa da kyamara a aljihu. Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da hanyar Faru da yake bi sayen shanu ta zama sai da dogon tunani. Ina jin zai yi addu'ar zaman lafiya, sannan ya karɓe wayar na kusa da shi ya shige ɗaki.

Bana abin ya hana ni sakat, na je wurin matarsa, Asabe. Bayan gaisuwa na tambayi madubin farko.

"Ga shi can, shi am marhin randa. Mi za ka yi da shi?"

Na wanke shi, na toshe taga, na ɗauko wuƙarsa, na sa kyamarar waya inda yake sa ido. Madubin ya dushe sumul, banda 'yan ƙarce-ƙarce. Sau uku ina maimaitawa, babu tabo. Asabe ta daɗe tana kallon hoton.

"Ai tun sannan yanar ido ta hwara hito mai," in ji ta. "Bai son a hwaɗi."

Ashe tun shekarar farko ya gama aikinsa. Tabon a idonsa yake, kuma rabin awa tawa da ta ishe shi ya sani.

Bai bar shanu ba, bai bar gida na biyu ba. Ya bar wuƙa, da gilashi uku, da naci irin wanda ban gada ba. Na kai madubin wurin malamin nan, ya tsufa amma ya ce za mu haɗa na'urar kafin azumi. Wannan bai kwantar mini da rai ba. Shaidar da Yaya ya nema tana aljihuna, ina yawo da ita, kuma wanda ya kamata in nuna wa ba ya nan.