Karfasa Mai Ɗigo

Mu nan ba mutanen ruwa ba ne. Kafin a haƙa kanal a jawo mana ruwa daga Tiga, kifin da na sani busasshe ne, wanda ake kawowa kasuwar Kura a kwando, baƙi ƙirin, wutsiyarsa a bakinsa. To da ruwa ya zo, alkama ta zo, tumatir ya zo, sai kifi ma ya biyo. Mazanmu manoma suka koyi jefa ƙugiya da girmansu.

A cikin karfasar da suke kamawa akwai wata mai ɗigo-ɗigo baƙi a jiki, kamar an barbaɗa mata masoro. Ba wanda ya san asalinta, sai aka yi mata asali. Aka ce jinsi ce dabam, ta fi maiƙo, kuma tana kawo ruwan nono. Na yarda. Shekara biyu ina cin ta, har ƙaya nake tsotsewa.

Shekarar da kowa ya koma noman alkama, 'yata ta zo gida goyon ciki, ta haihu. Kwana huɗu nono bai kawo ba, jariri sai tsala kuka. Ita mai jegon 'yata ce ta fari, ba na kiran sunanta, ba na nuna damuwa a gaban mutane. Maigida ya bar ban-ruwan gonarsa, ya wuni a tafkin da ake tara ruwa. Da la'asar sai ga shi da ƙwarya cike da mai ɗigo.

"Ga maganin kukan nan," in ji shi. "A yi mata farfesu, a cika yaji."

Ina zaune ina kankare ɓawo, maƙwabciyata ta shigo barka. 'Yar masunta ce daga Wudil, aure ya kawo ta. Ta leƙa ƙwaryar.

"Yaya, wa za a ba wannan?"

"Mai jego."

"Miƙo wuƙar."

Ta tsaga fata kusa da kunnen kifin, ta matsa da farce. Wani abu ya ɓullo, rawaya-rawaya, kamar ƙwayar shinkafa. Ya miƙe. Ya lanƙwashe. Ya sake miƙewa.

"Tsutsa ce, wannan babbar ke nan," ta ce. "Baƙin ɗigon nan kuwa ƙananan ne, kowace da ɗakinta. Ba ƙarƙashin itacen nan da zalɓe ke sauka maigidanki ya kamo su ba?"

Na san itacen. Rassansa fari fat da kashin tsuntsu.

"Babanmu ya ce zalɓe ya ci kifi ya yi kashi a ruwa, katantanwa ta kwasa, daga jikinta abin ya shiga kifi, zalɓe ya sake ci. Haka suke ta zagayawa, sai ku kuka shiga tsakani." Ta yi dariya. "Kada ki ɓata rai, Yaya, wuta tana kashe su. Mu ci muke yi."

"Ku ci," na ce.

Ban kai bayan rumbu ba sai amai. Shekara biyu! Duk abin da na tsotsa ya dawo mini a maƙogwaro.

Na wanke baki, na ɗora tsutsar a faifai, na aika a yi mini magana da maigida daga zaure. Ya shigo, ya ji bayani, ya haɗe fuska.

"Ke dai da tsirfa. Na bar gonata ba ruwa saboda kifin nan. A wanke a dafa."

"Malam, tun da na zo gidan nan ban taɓa mayar maka da abin da ka kawo ba. Wannan ba zai shiga tukunyata ba. Duba."

Ya sunkuya. Tana nan tana rarrafe a kan faifan, ta bar ɗan sawun danshi. Daga ɗaki jaririn ya sake tsanyarewa. Maigida ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya tofar da yawu, ya goge gemunsa da bakin riga.

"Wace kaza ce ba ta kwanci?"

Na nuna masa wata wake-wake. Ya yanka, na fige, na dafa da citta da kanumfari, na ba ƙanwar mai jegon ta kai mata ɗaki. Kifin kuwa rami na haƙa na binne, har da ƙwaryar, don ba zan ƙara shan fura a cikinta ba.

Washegari da hantsi na ji gidan ya yi tsit. Na bi ta ƙofar ɗakin kamar zan ɗauko tsintsiya, na ji jariri yana haɗiya, ƙut, ƙut. Kazar ce ko lokaci ne ya yi, Allah ne masani. Na ɗauki tsintsiyar na wuce.